Tiyon Burkin Motar Jafaru

Ranar Alhamis da hantsi motar Jafaru ta ƙwace a gangaren da ke kusa da madatsar Bakolori, a kan hanyar Maradun. A-kori-kura ce fara, ba kowa a ciki sai shi. Leburorin da ke fasa dutse a bakin hanya sun ce sun ji shi yana ta danna oda ba ƙaƙƙautawa, sun ga ya kauce wa wata babbar motar yashi, daga nan motar ta faɗa kwazazzabo ta kife. Kafin su ciro shi rai ya yi halinsa.

Kowa a unguwarsu da ke Talata Mafara ya san inda motar ta kwana. A rumfar Zubairu makaniki ta kwana, cikin gidansa, domin ranar Laraba ya canza mata tiyon burki, wato robobin da ke kai mai zuwa ƙafafun mota. Tun ba a dawo daga maƙabarta ba magana ta fara yawo: Zubairu ya yi aikin ganganci, ya kashe abokinsa.

Zubairu bai tsaya kare kansa ba. Ya hau keke har inda motar ta kife, ya shiga ƙarƙashinta, ya kwance tiyon ƙafar gaba ta dama, ya kawo wa Mai Unguwa Abdulwahabu. Sabon tiyo ne, amma an yanka shi da wuƙa har rabi, sauran rabin kuma fashewa ya yi.

Mutane suka ce ai shi ya yanka bayan abin ya faru, don ya wanke kansa. Wani sajan 'yan sanda da ya zo bincike ya juya tiyon a hannu, ya ce ranar Litinin zai tafi da Zubairu Sakkwato, can a yi bayani. Samari kuma suka fara tsayawa a ƙofar gidan Zubairu suna kallon rumfar da wani irin kallo.

Da ganin haka Mai Unguwa ya aika garin Bakura a kira Nagode.

* * *

Nagode mai bin sawu ne. Ya fi shekara talatin yana bin ɓarayin shanu da jakuna tsakanin Bakura da dajin Maradun, kuma ba a cika jin ya dawo hannu wofi ba. Amma tun da katafiloli suka shigo suna baje gonaki don aikin ruwa, sana'arsa ta yi sanyi. Yakan ce an mayar da ƙasa fuska ɗaya, ba ta gaya wa kowa komai.

Ya iso ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Suka gaisa da Mai Unguwa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da damina, aka yi wa juna gaisuwar rashi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ban taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba. Sawun dabba da na mutum na sani."

"Mutum ne ya yi wanga aiki, Nagode, ba mota ba."

Zubairu ya kai shi rumfar. Rumfar kwano ce a jikin katangar gida, ƙasanta ya yi baƙi da tsohon mai. Idanun Zubairu sun yi ja, da alama bai runtsa ba tun ranar Alhamis.

"Gaya mini yadda ka yi aikin, kamar kana gaya ma wanda bai san komi ba," in ji Nagode.

"Tiyo uku ne, Baba. Biyu gaba, guda baya. Tsofaffin duk sun tsattsage, ni na matsa mashi ya canza. Na ɗaga motar da jak, na cire ƙafafu, na kwance tsofaffin da sifana, na ɗaura sababbi. Sannan Jafaru ya shiga yana taka burki, ni ina buɗe ƙusar kowace ƙafa iska na fita, har mai ya fito tas babu kumfa. Munka zaga unguwa sau biyu, burki na kamawa kamar a kife da mutum. Kafin azahar mun gama."

"Daga nan fa?"

"Yac ce a bar ta nan ta kwana, da asuba shi ɗauka. Ni kuma anka kira ni tasha in duba wata tifa. Sai magariba na komo na kulle ƙofa."

"Tsakanin azahar da magariba rumfa a buɗe take ke nan. Wa ya shigo ran nan?"

Zubairu ya fara ƙirgawa da yatsu. "Falalu direba ya zo da safe aron jak, sunka yi cacar baki da Jafaru. Gajere na Bakura ya tsaya bakin ƙofa ya yi ta faɗa, wai motar ga ce ta ɗauko turakun awo na aikin ruwa da anka kafa gonarshi. Sai Baba Hamma, mahaifin Jafaru, shi kam kullum nan yake wuni cikin inuwa tun da anka kawo shi gari."

Nagode ya dubi ƙasa, ransa ya ɓaci. Tun ranar Alhamis rabin unguwa sun shiga rumfar nan sun fita. Sawu a kan sawu, na takalmi da na ƙafa, har da na akuya. Ya zaga sau uku bai samu abin kamawa ba.

A jikin katanga akwai wata tsohuwar ƙofar mota a jingine. Ya tambaya yaushe aka ajiye ta.

"Ran Alhamis da asuba, bayan Jafaru ya fita. Ni na jawo ta don in samu fili."

"Ƙafar da anka yanke ma tiyo, wane gefe take sa'ad da motar ke tsaye?"

"Gefen katanga."

Suka ɗaga ƙofar a hankali. Ƙasar wurin ta jiƙe da mai, ta riƙe duk abin da ya taɓa ta. Nagode ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Akwai gurbin gwiwar hagu, mai zurfi. Akwai wani dogon karce mai lanƙwasa, inda diddigen dama ya ja ƙasa. Kusa da katanga kuma akwai ɗan rami zagayayye, faɗin babban yatsa.

"Kai yaya kake shiga ƙarƙashin mota?"

"Kwance, bisa buhu. Kowane makaniki haka yake yi."

Nagode ya sa aka mayar da ƙofar yadda take.

* * *

Nagode ya sami Falalu a tasha ranar Asabar da safe, yana ɗaure kayan albasa a bayan motarsa. Falalu bai ɓoye komai ba.

"Awo, gaskiya ne, mun yi faɗa. Ya shiga gabana a layin lodi ran Talata, na gaya mashi magana, ya gaya mini. Shekara goma muna haka. In na kashe Jafaru da wa zan yi faɗa?" Ya share fuska da hannun riga. "Kuma Malam, ni direba ne. Wanda ya san mota, in yana son kisa, kwance ƙusa zai yi kaɗan, mai ya tsiyaye, a ce kuskuren makaniki ne. Ba ya zuwa da wuƙa ya bar shaida."

Yana cikin magana igiya ta faɗi, ya tsuguna a kan ƙafafu biyu ya ɗauka, ya miƙe tsam kamar yaro. Nagode ya kalli gwiwoyinsa, ya yi masa sallama.

Gajere kuwa a gonarsa ya same shi, bayan Bakura, in dai za a kira wurin gona. An tone dogon magudanin ruwa ta tsakiyarta, an tura ƙasar sama gefe ɗaya, abin da ya rage jar ƙasa ce mai tauri. Gajere yana zaune a kan tudun yana kallon aikin.

"Sun ce kai ka yi tsinuwa a kan motar Jafaru."

"Na yi. Na yi a kan motar Jafaru, na yi a kan katafila, na yi a kan mai riƙe da igiyar awo. Wace ta kama?" Ya nuna gonar da haɓa. "Damina biyu ke nan ban shuka ƙwaya ba, Nagode. Baki ya rage mini, shi nake amfani da shi. Ran Laraba daga ƙofar Zubairu asibiti na wuce da matata, can munka wuni, je ka tambaya."

Nagode bai je ya tambaya ba. Ya ga sawun Gajere a kan jar ƙasar, gajerun taku masu sauri, ƙafafu biyu lafiya lau. Ya koma Mafara a bayan wata motar itace, yana jin kwana biyu sun tafi a banza, Litinin kuma tana matsowa.

* * *

Da la'asar ya je gidan Jafaru gaisuwa, ranar ce ta uku. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suna zuwa suna tafiya. A tsakiya Baba Hamma yake zaune, tsoho siriri mai farin gemu, yana amsa gaisuwa da kai kawai.

Nagode ya nemi izini ya tsaya a bakin zaure, aka kira masa Lantana, matar mamacin. Ta tsaya a bayan asabari.

"Allah ya jiƙanshi, ya ba ku haƙuri. Ina yake nufin zuwa ran nan?"

"Amin, Baba. Tungar Ɗunya zai tafi, garinsu. Ruwan dam ya kusa cinye garin, kowa ya tashi. Sati biyu ke nan da ya ɗauko Baba Hamma, da ƙyar. Ran nan zai koma ya kwashe hatsin rumbu, ya cire azara da ƙyauren ɗaki."

"Tsohon ya yarda?"

"Bai yarda ba. Yac ce muddin rufin ɗakin na nan, gidan na nan. Can anka rufe mahaifiyar Jafaru, can anka rufe iyayenshi. Ran Talata har kuka ya yi, yana roƙon Jafaru ya bar mashi ɗakin ko da wata guda. Jafaru yac ce ruwa ba ya jiran wata guda. Tsohon kuwa, tun ran Alhamis ko ruwan kirki bai sha ba, Baba. Ku yi mashi magana."

Nagode ya koma ya zauna a gefen tabarma. Ba a daɗe ba aka tashi yin salla. Baba Hamma ya jawo sandarsa ya kafa ta a ƙasa. Ya juya ya dogara a kan gwiwar hagu. Ƙafarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa, a miƙe take, sai da ya ja diddigen a cikin rairayi ya zagayo da shi, sannan ya miƙe.

Mutane suka wuce masallaci. Nagode ya rage shi kaɗai yana kallon rairayin: gurbin gwiwa, karce mai lanƙwasa, ɗan rami zagayayye. Sau da yawa a rayuwarsa ya kai ƙarshen sawu ya ji daɗi. Ran nan sai ya sa tafin ƙafa ya shafe wurin, ya zauna riƙe da kai har aka idar da salla babu shi.

* * *

Ranar Lahadi da hantsi Mai Unguwa ya tara su a zaurensa: Zubairu, Falalu, Gajere, da sajan. Nagode ya roƙa a zo da Baba Hamma, a matsayinsa na uban mamaci. Samari suka cika ƙofa, Mai Unguwa ya sa aka kore su zuwa gindin bishiya.

"To, Nagode, muna saurare."

Nagode ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, Falalu bai yi ba. Gajere bai yi ba. Zubairu ma bai yi ba, aikinshi mai kyau ne. Na ga sawun wanda ya durƙusa tsakanin mota da katanga, ba na ko ɗayansu ba ne."

"Na wane ne?" in ji sajan.

"Wanda ya yi bai san mota ba. Abin da zan iya faɗi ke nan."

"Malam, ban zo nan wasa ba. In babu suna, gobe da Zubairu zan tafi."

Zubairu ya sunkuyar da kai. Nagode ya san in ya yi shiru mai gaskiya zai tafi kurkuku, in ya yi magana kuma ya san abin da zai rushe. Bai kai ga zaɓa ba sai ga muryar Baba Hamma, ƙasa-ƙasa.

"Zubairu."

"Na'am, Baba."

"Ran Laraba, da kana ɗaura baƙar robar nan, na tambaye ka mi ce ce. Mi kac ce mini?"

Zubairu ya ɗago yana ƙoƙarin tunawa. "Nac ce... nac ce jijiyar mota ce, Baba. In babu ita mota ba ta zuwa ko'ina."

"Haka kac ce."

"Nufina ba a fita da ita! Nufina babu mai hankalin da zai..." Ya dubi tsohon, ya dubi Nagode, ya sa hannu biyu ya rufe bakinsa.

Baba Hamma ya zaro wata 'yar wuƙa daga aljihu, irin wadda ake gyaran kaba da ita, ya ajiye a kan tabarma.

"Ni jaki na sani, da raƙumi. In jijiya ta tsinke, dabba ba ta tashi. Nac ce in motar ba ta tashi ba, sai an nemo wata robar, ko kwana uku ne na samu. Robar na da tauri, hannuna kuma babu ƙarfi, na yi iyakar yina na bari. Da asuba ina alwala na ji ta tashi, ta wuce ta ƙofar gida, har ya danna mini oda. Sai nac ce a raina, to, wuƙata ba ta yi komi ba." Ya dubi wuƙar. "Da na san tana iya tafiya ta kasa tsayawa, da na kwanta gabanta. Wallahi ban san akwai abin da ke tafiya ya kasa tsayawa ba."

Falalu ya fashe da kuka, ya tashi ya fita. Gajere yana ta maimaita salati. Zubairu kuwa ya zube a gaban tsohon yana cewa, "Bakina ne, Baba, bakina ne," tsohon ya ɗora masa hannu a ka.

Sajan ya buɗe littafinsa, ya riƙe biro, ya daɗe bai rubuta ko harafi ɗaya ba.

"Doka ba ta bar mini zaɓi ba, ranka ya daɗe," ya ce wa Mai Unguwa. "Dole ya je gaban alƙali."

"Na sani. Ka ba shi zuwa jibi. Ina zai gudu da ƙafa guda?"

Sajan ya rufe littafin, ya ce jibi da safe.

* * *

Washegari Falalu ya kawo motarsa ƙofar gida ba wanda ya aike shi. Ya ce hatsin marayu ba zai ruɓe a ruwa ba yana da rai, shi da Zubairu za su je Tungar Ɗunya su kwaso shi. Lantana ba ta fito ba, amma ta aiko da fura a ƙwarya, ta ce a ba tsoho. Baba Hamma ya ce zai bi su, ya kuma roƙi Nagode ya raka shi.

Zubairu ya shiga ƙarƙashin motar ya duba tiyo ɗaya bayan ɗaya kafin su tashi. Da suka zo gangaren Bakolori, Falalu ya sauka da giya ta ɗaya, ba wanda ya kalli kwazazzabon.

Tungar Ɗunya ba kowa. An cire rufin gidaje, katangu sun tsaya baki buɗe. Ruwa ya riga ya shanye gonakin fadama da maƙabarta, ya shigo layin masallaci, yana kwance lumui ba ko motsi. Gidan Baba Hamma ne kaɗai mai rufi, kuma tsakaninsa da ruwa bai fi taku ashirin ba.

Falalu da Zubairu suka hau kwasar dawa daga rumbu. Ba wanda ya taɓa azara. Tsohon bai shiga ɗakin da ya yi ta roƙo a bar masa ba, ko kallonsa bai yi ba. Ya tsaya a tsakar gida dogare da sanda.

"Nagode, an ce kana ganin abin da mutane ba su gani."

"Wani lokaci, Baba."

"Ran da ya zo ɗaukata an yi ruwa, tsakar gidan ga duk laka ce. Ya yi ta kai da kawowa yana loda kaya. Duba mini ko ya bar sawu."

Nagode ya sunkuya ya fara dubawa. Awaki sun bi wurin, iska ta bi, wani ruwan ma ya sake sauka. Ya duba bakin ɗaki, ya duba wajen murhu, babu. Sai a bayan rumbu, inda inuwar jinka ta kare ƙasa, ya ga guda ɗaya a busasshiyar laka: takalmin taya, ƙafar dama, diddigen ya nutse sosai, sawun mutum mai ɗauke da kaya mai nauyi.

"Ga shi nan, Baba."

Tsohon ya kafa sanda, ya sauka a kan gwiwar hagu da ƙyar, ya zauna a ƙasa. Ya sa tafin hannunsa a cikin sawun. Sawun ya fi hannun girma.

Aka gama lodi, rana ta karkata. Falalu ya zo ya tsaya daga nesa, ya dubi Nagode, ya dubi ruwan, wanda yanzu ya taɓa gindin katangar maƙwabta.

"A kira shi?" ya tambaya a hankali.

"Ba shi ɗan lokaci," in ji Nagode.

Falalu ya koma ya kashe motar.